Taurarin Ɗan'adam da Awon Gona a Musawa

A 1978 Amurka ta fara harba taurarin GPS, masu kewaya duniya a nisan kilomita 20,200. Kowane tauraro yana aiko da saƙo ɗauke da lokacin tasowarsa, na'urar mai awo kuwa ta lissafa jinkirin isowarsa ta fitar da nisa. Da ta sami taurari huɗu, ta san inda take tsaye. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yakan jawo ɓatan mita 300.

In aka zagaya gonar auduga a Musawa da na'urar, za a san kadada nawa ce, a sayi taki daidai da ita maimakon kintace. Sai dai ta wayar hannu takan kauce da 'yan mitoci, saboda haka ba ta isa raba gardamar iyaka tsakanin magada ba.