Ɗan ƙarfen da ke gindin harsashi: me ya sa 'yan gasar harbi ke ɓata lokaci wajen zaɓensa?

Yau za mu leƙa Amurka ne, inda harbi da fistol wasa ne kamar sauran wasanni, da alƙalai da maki da kofi. Da yawa daga cikin 'yan wasan ba sa sayen harsashi a shago, a gida suke haɗa nasu, don doka ta yarda musu. A Najeriya kuwa laifi ne babba, saboda haka ku ɗauki shirin nan a matsayin ƙarin sani kawai.

Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, albarushi, kan da ke fita, sai wani ɗan ƙaramin ƙarfe a gindi da ake kira firaima. Shi ne ƙyastun harsashi. Ɗan ƙoƙo ne mai sinadari a ciki, idan allurar bindiga ta doke shi sai ya yi tartsatsi ya kunna albarushi. Faɗin ƙaraminsa inci 0.175 ne, ko ƙwayar wake bai kai ba. To me ya sa ake musu a kansa?

Maganar daga maki ta faro. A gasannin ƙungiyar USPSA ana auna ƙarfin harsashin kowa: a ninka nauyin kan da gudunsa, a raba da 1000. Wanda ya kai 165 yana babban mataki, wanda ya kai 125 yana ƙarami. Idan ka samu tsakiyar allo, maki 5 ne ga kowa. Amma idan ka ɗan kauce, na babban mataki zai samu 4, na ƙarami 3. Kun ga kenan a gasar da ake harba ɗaruruwan harsasai, wannan maki ɗayan na iya raba mutum da kofi.

Shi ya sa wasu ke tura harsashin 9mm ya kai babban mataki, abin da suke kira 9 Major. Kan da nauyinsa ya kai giren 124 sai ya yi gudun kusan ƙafa 1,331 a daƙiƙa kafin ya kai 165. Kwanson 9mm ƙarami ne, don haka matsin da ke cikinsa yakan haura iyakar da hukumar SAAMI ta sa wa 9mm na yau da kullum, wato psi 35,000. Bindigogi na musamman ake ƙera wa wannan aikin, ba kowace fistol ce ke ɗauka ba.

To a nan firaima ke shigowa. Lokacin da harsashi ya tashi, matsin ba gaba kawai yake turawa ba, har baya, kuma ƙoƙon firaima na cikin wurare mafi rauni. Idan ƙarfensa siriri ne, zai iya lotsewa ya shige ramin allura, ko ya huje gaba ɗaya. Iska mai zafi ta fito ta baya, ta ci bakin allura, ɓurɓushin ƙarfe ya toshe ramin, bindiga ta tsaya ana tsakiyar gasa.

Dabarar da da yawansu ke yi ita ce amfani da ƙaramin firaiman raifil a harsashin fistol. Girmansu ɗaya, yana zama daram a gurbin, amma ƙoƙonsa ya fi kauri don an yi shi ne domin matsi mai yawa. Wannan a ƙananan ne kawai fa. Babban firaiman raifil ya fi na fistol tsayi, ba a musanya su.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Matsala ta farko, ƙoƙo mai tauri na buƙatar duka mai ƙarfi. 'Yan gasa kuma suna son kunama mai laushi, sukan rage ƙarfin sifirin. Ka haɗa sifirin mai laushi da firaima mai tauri, ka ja kunama ka ji ƙas, babu komai, agogo kuma na tafiya. Shi ya sa masu harbi da rifolba suka fi son na kamfanin Federal, wanda aka sani da laushi, yayin da na CCI aka san shi da tauri.

Ta biyu, idan harsashin mai sauƙin matsi ne, ƙoƙo mai tauri ba lallai ya buɗe ya toshe gurbinsa sosai ba. Iska na iya tsiyayowa ta gefe, a hankali ta zana zobe a fuskar ƙarfen da ke tokare harsashi.

Ta uku ita ce mafi haɗari, kuma ita nake so ku riƙe. Masu haɗa harsashi kan duba firaiman da aka harba, idan ya baje ko ya lotse, alama ce matsi ya yi yawa. Firaima mai tauri bai rage matsin ko kaɗan ba, alamar kawai ya ɓoye. Kamar ka cire fitilar gargaɗin mota ne ka ce inji ya warke. Mutum zai ga gindin harsashi lafiya lau, alhali kwanso na dab da fashewa a hannunsa.

Saboda haka gogaggu ba sa canza firaima su bar komai yadda yake. Ko kamfani kawai suka canza, sai su rage albarushi, su sake gwaji daga ƙasa, suna bin littattafan da masu yin albarushi suka wallafa, suna auna gudu da na'ura, da tabarau na kariya a ido. A ranar gasa ma alƙalai za su ɗebi harsasanka su auna. Idan ba ka kai 165 ba, ka koma ƙaramin mataki.

Wato dai babu wani firaima da ya fi kowanne. Abu uku ake daidaitawa: matsin harsashi, taurin ƙoƙo, da ƙarfin dukan allura. Idan ɗaya ya canza, sai a sake duba sauran biyun.

Nan za mu dakata. Ku ajiye mana tambayoyinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.