Ranar da Muryata Ta Ɗauke: Magana Kan Gajiyar Aiki

Da yawanku kun san muryata ko da ba ku san fuskata ba. Ni ce kishiyar nan mai baƙar aniya a wasan kwaikwayon rediyo, ni ce kuma nake ara wa 'yan matan finafinan Indiya bakin Hausa. Wasunku sun aiko suna cigiya, wai ina na shiga kwana biyu, ba a ji na a wasa, ba a ganina a Facebook? To, yau zan ba ku amsa, domin abin da ya same ni yana iya samun mai ɗinki a ɗakinta, yana iya samun mai kitso da mai yin cincin na sayarwa.

Bari in fara da yadda aikin namu yake. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an lilliƙa masa soso a bango don kada ƙarar waje ta shigo. Ko fanka ba a kunnawa, saboda na'ura za ta ɗauki ƙararta. Ki sa abin ji a kunne, ki zuba wa hoto ido, ki daidaita maganarki da motsin bakin wadda kike ara wa murya. In ta yi kuka ki yi kuka, in ta yi ihu ki yi ihu. In an sami kuskure a sake, a kuma sakewa. Biya kuwa gwargwadon aikin da kika yi ne, shi ya sa ba na iya cewa a'a, ko da a gajiye nake.

Wata safiya na buɗe baki zan gai da maigida, sai iska kawai ta fito. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi mini bayani. Ashe a cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, su ne suke kaɗawa su ba da murya. A wajen mace suna kaɗawa wajen sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya. In aka matsa musu da ihu da doguwar magana sai su kumbura, in abin ya daɗe su yi kanta, irin wadda taɓarya take yi wa hannun mai daka. Wannan matsala har a ƙasashen waje an san ta. A Amurka, masu ara murya a wasannin kwamfuta sun shiga yajin aiki a 2016, ba su janye ba sai a 2017, kuma cikin buƙatunsu har da a rage tsawon lokacin da ake sa su ihu a zama ɗaya.

Maƙogwaro ya warke bayan 'yan makonni, amma ni ban warke ba. In waya ta yi ƙara aka ce ga aiki, sai gabana ya faɗi. Sana'ar da nake so tun ina yarinya, ina kwaikwayon muryar gwaggona a tsakar gida ana dariya, ita ce ta koma mini kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ka.

Wannan hali masana sun daɗe da saninsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kansa a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta suke farawa da zafinsu, su ƙare kamar fitilar da manta ya ƙone. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace shi. Ta ce ba a lissafa shi cikin cututtuka, hali ne da matsin aiki mai tsawo yake haifarwa idan ba a shawo kansa ba. Ta kawo alamu uku. Ta farko, ƙarfi ya ƙare, irin gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya kawar da ita. Ta biyu, aikin ya fita daga ranki, ki riƙa jin haushinsa da na masu kawo shi. Ta uku, ki ga aikin hannunki ya ja baya, abin da kike gamawa kafin azahar yanzu ya kai ki magariba. Duka ukun nan na same su, amma na yi ta ce wa kaina lalaci ne, ko rashin godiya. Kar ki yi wa kanki wannan zalunci, 'yar uwa. Malalaciya ba ta kai wa nan, mai ƙwazo ce take kaiwa.

To ina ruwan waya a ciki? Da can, in na fito daga ɗakin ɗaukar murya, aiki ya ƙare ke nan. Da waya ta zo, sai aikin ya biyo ni har kan gado. Sai na saka hoto, na amsa gaisuwa, na duba mutum nawa suka yaba. Wasu kuma ba sa bambanta ni da kishiyar cikin wasa, sai su zage ni tas a kan sharrin da marubuci ya rubuta. Mutum ɗari su yaba, ɗaya ya yi zagi, amma da maganar ɗayan nan zan kwana. Wata 'yar fim a Amurka, Kelly Marie Tran, ta gamu da abin da ya fi nawa. Bayan ta fito a wani fim na Star Wars a 2017, aka yi ta cin mutuncinta saboda launinta da kamanninta, har ta goge duk hotunanta na Instagram a 2018. Ja da bayan nan bai kashe mata sana'a ba. A 2021 ita ce ta ara wa jarumar fim ɗin zane na kamfanin Disney, Raya, murya.

Na san da yawanku waya ce kasuwarku. Kina cikin gida, ki ɗora hoton atamfa ko turaren wuta a WhatsApp, ciniki ya zo har ɗaki. Wannan alheri ne, ba zan ce ki yar ba. Amma mai shago a kasuwa yana rufe ƙofa ya tafi gida. Ke yaushe kike rufe naki? Ƙarfe 11 na dare ana tambayarki farashi, ga girki, ga yara, ga asuba tana jiranki.

Ga abin da na yi, ki ɗauki wanda ya dace da ke. Na cire Facebook da Instagram daga wayata, na bar layin kira kawai, duk mai aiki na gaske ya san yadda zai same ni. Na yanka wa kaina lokaci: bayan isha'i waya tana kan tebur a falo, ba ta shiga ɗakin kwana. Na koyi cewa, "Wannan makon ba zan iya ba, sai mai zuwa." Na ɗauka duk za su gudu. Wasu sun tafi, ba zan ɓoye muku ba, kuɗin shiga ya ragu, amma waɗanda suka san darajar aikin sun jira. Na kuma zauna da maigida na faɗa masa gaskiyar halin da nake ciki, domin wanda bai sani ba sai ya ɗauka fushi ake yi da shi.

Game da murya kuwa, ki yawaita shan ruwa, musamman da hunturu, ki rage zama cikin hayaƙin itace. In ta dushe, kar ki koma raɗa, domin raɗa ma tana wahalar da maƙogwaro, shiru shi ne hutunsa. In dushewar ta kai mako uku, a nemi likita.

Sai jan kunne ɗaya. Ba kowace gajiya ce ta aiki ba. Ƙarancin jini yana kawo ta, ciwon sukari ma haka. In kuma kin huta amma baƙin ciki bai tafi ba, ba kya jin daɗin abinci, ba kya jin daɗin 'ya'yanki, ko har kina jin gara a ce babu ke, wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Kar ki bar shi a ciki. Ki faɗa wa maigida ko wata babba da kika yarda da ita, a kai ki asibiti.

Ni dai na koma bakin aiki, amma kwana uku a mako, kuma har yau ban mai da Facebook cikin wayar ba. Mai son gaishe ni ta aiko ta wannan fili, za a karanta mini. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gai da yara, a huta lafiya.