Gurnanin Amfilifaya Mai Bawul: Inda Yake Fitowa da Yadda Ake Gano Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar rediyo mai akwatin katako, wadda sai an kunna ta an jira ta ɗauki zafi kafin ta yi magana, to ya ga aikin bawul. Bawul wata 'yar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka shirya wasu ƙarafa a ciki domin sarrafa wutar lantarki. Tun daga shekarar 1947, da aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan bincike na kamfanin Bell da ke Amurka, bawul ya soma ja da baya, har ya ɓace daga rediyo da talabijin da kwamfuta. Amma bai mutu ba. Masu kaɗa jita, da masu sha'awar sauraren kiɗa da hedifon, sun ci gaba da neman amfilifaya mai bawul saboda irin sautin da take bayarwa.

Masu irin wannan na'ura sukan yi mata sauye-sauye iri biyu. Na farko shi ne canza bawul da wani wanda ba jinsinsa ba, ta hanyar amfani da adafta. Na biyu kuwa shi ne inganta sashen da ke ba ta wuta. Sau da yawa sakamakon yakan zama gurnani a kunne, ko ƙaurin taransifoma, ko ma haɗari ga mai gyaran. Wannan maƙala za ta nuna cewa tushen yawancin matsalolin ɗaya ne: amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi da kanta, wutar da aka ba ta take sassaƙawa ta zama sauti. In wutar ta gurɓace, ko ta gaza, dole sautin ya gurɓace.

Yadda bawul yake aiki

A farkon shekarun 1880 Thomas Edison ya lura cewa wuta tana iya tsallakawa daga zaren ƙwan lantarki mai zafi zuwa wani ƙarfe da ke cikin ƙwan, ko da ba su taɓa juna ba. A 1904 Baturen Ingila John Ambrose Fleming ya yi amfani da wannan ya ƙera bawul na farko, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya tak. A 1906 kuma Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara wani ƙarfe na uku, wanda ya ba bawul ikon ƙara ƙarfin sigina.

Sassan bawul mai ƙara sauti guda huɗu ne. Akwai zaren ɗumama, wanda ke gasa wani siririn bututu da ake kira katod har zafinsa ya kai kimanin digiri 800 a ma'aunin Salshiyas. Da zafin ya kai haka sai katod ya riƙa fesar da elektaron, wato ƙananan ƙwayoyin da tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Akwai faranti, wanda aka ba shi wuta mai ƙarfi domin ya jawo su. Tsakanin katod da faranti kuwa akwai raga ta siririyar waya, kuma a kanta ake ɗora siginar kiɗa mai rauni. Aikin ragar kamar na mai tsaron ƙofar magudanar ruwa ne a gonar rani: ɗan motsin hannunsa yana ƙara ko rage ruwa mai yawa, amma ba shi ya samar da ruwan ba. In ruwan madatsa ya zo da laka, laka za ta isa gona.

Ke nan kowane bawul yana bukatar wuta iri biyu. Zaren ɗumama yana son bolt kaɗan, galibi 6.3 ko 12.6, amma yana shan wuta da yawa. Faranti kuwa yana son bolt masu yawa, galibi tsakanin 100 da 300, masu tafiya lami lafiya ba hawa ba sauka.

Abin da adafta take yi da wanda ba ta yi

Bawul jinsi-jinsi ne. Wasu ƙanana ne masu ƙafa 9, kamar 6922 da 12AU7 da 12AX7. Wasu manya ne masu ƙafa 8, kamar 6SN7. Adafta wani ɗan mazauni ne da ake cusawa a soket, wanda ke karkatar da kowace ƙafa zuwa ramin da ya dace da ita. Iyakar aikinta ke nan, ba ta ƙara wa taransifoma ƙarfi. Saboda haka akwai abubuwa uku da ya wajaba a duba a takardar bayanin bawul kafin a sa shi.

Na farko shi ne tsarin ƙafafu. Kama da wane ba ta wane: 6922 da 12AU7 duk suna shiga soket ɗaya, amma zaren ɗumamarsu ya bambanta. Na 6922 yana karɓar bolt 6.3 ta ƙafa ta 4 da ta 5. Na 12AU7 kuwa zare biyu ne a jere tsakanin waɗannan ƙafafu, da mahaɗa a ƙafa ta 9. In aka cusa 12AU7 a gurbin 6922 ba tare da adaftar da ta dace ba, rabin wutar da yake bukata kawai zai samu. In kuma aka sa 6922 inda ake ba da bolt 12.6, zarensa zai ƙone.

Na biyu shi ne yawan wutar da zaren yake sha. Bawul 6922 yana shan amfiya 0.3, shi kuwa 6SN7 yana shan 0.6. Na'urar da aka ƙera domin 6922 guda biyu an shirya mata amfiya 0.6 ne, da ɗan rara. In aka ɗora mata 6SN7 guda biyu, bukata ta koma 1.2, wato ninki biyu. Taransifoma za ta yi zafi fiye da kima, wutar zaren ta faɗi ƙasa da bolt 5.7, wanda shi ne iyakar ragin kashi 10 cikin ɗari da aka saba yarda da shi, kuma wata rana a ji ƙauri.

Na uku shi ne yawan ƙarin da bawul yake yi wa sigina. 12AX7 yana iya ninka ta har sau 100, alhali 12AU7 bai wuce sau 20 ba. Bawul mai ƙari da yawa yana ƙara kiɗa, yana kuma ƙara duk wata hayaniya da ta shigo tare da shi. Bugu da ƙari, dogayen wayoyin da ke cikin adafta sukan zama tamkar eriya, su kwaso gurnani daga taransifomar da ke kusa.

Gurnani iri biyu

Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya da Nijar da ƙasashen Turai tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Kafin ta dace da faranti sai ta bi matakai uku. Taransifoma tana ɗaga ta ko ta sauke ta. Madaidaici yana juya rabin da ke komawa baya ya fuskanci gaba, sai wutar ta zama tudu-tudu guda 100 a daƙiƙa. Daga nan kafasita, wadda take kamar tankin ruwa, tana cika a lokacin tudu, ta saki a lokacin kwari, domin ta shafe bambancin.

Shafewar ba ta cika ɗari bisa ɗari, kuma ana iya lissafa saura. In na'ura tana shan miliamfiya 50, kafasitar kuma mai maikurofarad 100 ce, hawa da saukar da zai rage ya kai kimanin bolt 5. In aka sa mai 470, zai koma kusan bolt 1. Shi ya sa ake jera matata biyu ko uku, ko a ƙara da'irar da ke daidaita wuta.

Wannan ne ya ba mai bincike mabuɗi. Gurnani mai zurfi na bugu 50 a daƙiƙa yakan fito ne daga wayoyin zaren ɗumama, ko maganaɗisun taransifoma, ko kuma na'urori biyu da aka haɗa alhali kowace tana da tata hanyar zuwa wayar ƙasa. Gurnani mai ɗan kaifi na bugu 100 kuwa yana nuna matata ta gaza, galibi domin ruwan sinadarin da ke cikin tsohuwar kafasita ya bushe. A Amurka, inda wuta ke kai da komo sau 60, alƙaluman su ne 60 da 120. Akwai manhajojin wayar hannu da ke nuna yawan bugun sauti, waɗanda za su iya raba gardama.

Matakan bincike

Ƙa'idar ita ce ta ɗakin gwaje-gwaje: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya, sannan a rubuta sakamako.

1. A cire wayar da ke kawo kiɗa. In gurnani ya ɗauke, matsalar daga waje take.
2. A murɗa makunnin ƙara. In gurnanin yana ƙaruwa da shi, to kafin makunnin ya shigo. In bai canza ba, a zargi sashen wuta ko bawul.
3. A lura ko a kunne ɗaya yake. In haka ne, kuma kowane ɓangare yana da nasa bawul, a kashe na'ura, a bari ta huce, a musanya na hagu da na dama. In gurnanin ya bi bawul, an kama mai laifi.
4. A cire adafta a mayar da bawul na asali. In sauti ya gyaru, adaftar ce ko sabon bawul ɗin bai dace ba.
5. A duba da ido. Tabon azurfa da ke jikin gilashi sinadarin bariyam ne mai tsotse ragowar iska, kuma in ya koma fari, iska ta shiga, bawul ya mutu. Faranti da ya yi ja kamar garwashi alama ce ta a kashe nan take. Ƙaraf-ƙaraf kuwa yakan zo ne daga ƙafafu masu tsatsa ko soket da ya saki.

Inganta sashen wuta

Ƙara girman kafasita yana da iyaka. Babbar kafasita tana zuƙar wuta da ƙarfi a lokacin kunnawa, kuma in madaidaicin bawul ne, hakan na iya kashe shi. Misali, masu ƙera GZ34 sun ƙayyade kada kafasitar farko ta wuce maikurofarad 60. Haka kuma duk kafasitar da za a sa, ƙarfin bolt da aka rubuta a jikinta ya zarce na wurin da za ta zauna. Ba zaren ɗumama wuta madaidaiciya, ko murɗe wayoyinsa biyu kamar igiya, yana rage gurnanin bugu 50.

In na'urar tana da akwatin wuta na waje, wanda zai maye gurbinsa dole ya yi daidai da shi a yawan bolt, da nau'in wuta, da matsayin tabbatacciyar waya da korarriya, amfiyarsa kuma kada ta gaza ta na asali. Na'urar da aka ƙera domin bolt 120 na Amurka za ta ƙone a kan bolt 230 in babu taransifomar saukarwa, kuma taransifomar da aka naɗa domin bugu 60 takan fi yin zafi a kan 50. Inda wuta ke hawa da sauka, ko ake dogaro da ƙaramin janareta, sitabilaiza tana tsawaita ran bawul. Fis kuwa in ya ƙone, dalili ake nema, ba a maye shi da wanda ya fi shi girma.

Haɗari ga zuciya da kunne

Kafasita tana riƙe wuta bayan an zare na'ura daga soket, wani lokaci na tsawon mintoci ko fiye, in ba a sa mata resistar da ke tsiyaye ta ba. Jikin ɗan Adam cike yake da ruwa mai gishiri, wanda wuta ke bi cikin sauƙi, busasshiyar fata ce kawai shinge. Da gumi ya jiƙa hannu, turjiyar jiki takan sauko zuwa kimanin om 1,000, kuma bolt 250 za su tura miliamfiya 250. Na'urorin kare rai da ake sa wa gidaje suna yanke wuta ne tun a miliamfiya 30. Ita zuciya da siginar lantarki take bugawa, kuma wutar da ta ratsa ƙirji tana iya rikita bugunta. Don haka buɗe cikin amfilifaya mai bawul aikin ƙwararre ne, wanda zai tsiyaye kafasita, ya tabbatar da mita, kafin ya kai hannu.

Haɗari na biyu a hankali yake zuwa. Mai fama da gurnani yakan ƙara sauti domin ya danne shi. A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon jijiya. Tsuntsaye suna iya sake tsirar da nasu in sun lalace, amma ɗan Adam ba ya iyawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ta fitar da mizani cewa baligi kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraren sauti mai desibel 80. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: awa 20 a 83, awa 5 kacal a 89. Haka zalika, ya fi kyau a jira na'ura ta ɗumama kafin a sa hedifon, a kuma cire shi kafin a kashe ta, domin wasu sukan yi wata ƙara mai ƙarfi a waɗannan lokuta.

Kammalawa

Malamin kimiyya yana iya nuna wa ɗalibai wannan darasi ba tare da kusantar wuta mai haɗari ba. Taransifoma rufaffiya mai ba da bolt 12, da dayod guda 4, da kafasitoci masu girma daban-daban, da 'yar lasifika da aka haɗa ta hanyar resista da ƙaramar kafasita, sun wadatar. Ɗalibai za su ji gurnanin bugu 100 da kunnensu, su ji yana raguwa duk lokacin da aka ƙara girman tankin, sannan su gwada abin da suka ji da abin da lissafi ya ce. Wanda ya fahimci wannan, in aka miƙa masa sabon bawul da adafta, tambayar da zai fara yi ita ce: amfiya nawa yake sha, kuma taransifomar za ta iya ɗauka?