Me Ya Sa Wayar Eriya Take Jan Mutum?

A ziyarar da muka kai wasu gidaje a Arkilla da Kalambaina, iyaye sun yi mana kukan cewa bakin wayar eriya yana jan yara idan sun taɓa shi. Kada mu raina wannan, 'yan'uwa, domin alama ce ta cewa wuta tana zuba inda bai kamata ba.

Idan kun yanka wayar eriya za ku ga siririyar waya a tsakiya da saƙar ƙarfe kewaye da ita. Saƙar tana kare hoto daga hayaniya, kuma tana haɗe da jikin talabijin. In gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, ko akwatin ya lalace a ciki, wuta takan biyo saƙar har zuwa hannun mai taɓawa.

Yanke saƙar ba magani ba ne, hoto ne zai lalace. Abin da masu gyara ke sawa shi ne ƙaramin kafasito tsakanin saƙar da jikin akwatin. Wutar gidajenmu volt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, sakon talabijin kuwa yana juyawa kusan sau miliyan 500. Kafasito mai nanofarad 1 yana tare wutar gida da ƙarfin ohm miliyan 3, amma ga saƙon hoto bai kai ohm 1 ba. Ke nan hoto ya wuce, wuta ta tsaya. Dole ya zama irin wanda aka ƙera don jure wutar gida, kuma ƙwararre ne zai sa shi.

A lura da abu biyu. Na farko, ba a sa shi a wayar dish, domin dikoda tana tura volt 13 ko 18 ta wayar zuwa kan dish, kafasito kuwa zai tare ta. Na biyu, ba ya hana tsawa. A haɗa sandar eriya da ƙarfen da aka kafa a ƙasa, ya shiga da zurfi, saboda yashinmu na Wamakko yana bushewa da rani.

Da damina, in hadari ya taso, a cire filogi da wayar eriya tun kafin a fara walƙiya. In waya ta taɓa jan wani a gidanku, a kashe akwatin a kira mai gyara ranar nan.