Kututturen Da Ya Ciyad Da Maraɗi

Duk wanda ya tashi a karkarar Katsina ko Daura ya san yadda akan yi sharar gona gabannin damina: a sassabe sabara da kalgo, a tara, a cinna wuta, gona ta fito fes kamar tafin hannu. Wanda ya bar tsiro a gonarsa kuwa, rago akan ce masa. To, a tsallaken iyaka, watau ƙasar Maraɗi ta Jumhuriyar Nijar, wannan shara ta kusa tashin ƙauyuka. Bayan farin 1973 fili ya zama ƙaƙas, iska takan binne shuka da rairayi, har manomi ya sāke shuka sau biyu ko uku cikin damina guda. Mata kuma suka koma girki da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma cikin ƙasa su zama taki.

Cikin shekarar 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai aikin mishan, Tony Rinaudo, wanda dashen itatuwa ya yi ta mutuwa a hannunsa, ya lura cewa tsiron nan da ake sassabewa toho ne na itatuwan da aka sare tun tuni, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Dabarar ba ta da wuya. A zaɓi toho mafi ƙarfi a kan kututture, kamar uku zuwa biyar, a datse sauran, a hana dabba da wuta. Ba dashe, ba ban ruwa. Manoma suka sa mata suna sassabin zamani, kuma yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada. An ƙiyasta cewa a yankunan Maraɗi da Damagaram itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a kan kadada miliyan 5.

Amma a gaskiya ba Bature ya koya wa Bahaushe darajar itace ba. Kakanni sun san gawo, mai kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani sa'ad da dabbobi ke neman inuwa, su ci 'ya'yansa su zuba taki a gindinsa. Abin da ya ɓace shi ne haɗin kai da ikon mallaka. Dā itace na hukuma ne, ma'aikacin daji yakan ci manomi tara a kan bishiyar gonarsa, saboda haka wa zai yi reno? Da aka sassauta wannan, sai ƙauyuka irin su Ɗan Saga, kusa da Agye, suka kafa kwamitocin tsaro, har da mata da makiyaya a ciki, domin kada ɓarawon itace ya kwashe wahalar wani da dare.

Amfanin ya isa har tukunya. Uwargida tana samun itacen girki daga datsen gonarta, yara su tsinko magarya da aduwa, ga kuka ta miya. Sa'an nan a nan cikin gandu yaro ke koyo: yana bin mahaifinsa da 'yar wuƙa, ana nuna masa tohon da za a bari da wanda za a cire. Wannan karatu ba a makarantar Agege ko Sabon Ibadan ake yinsa ba.

Galibin masu karanta wannan shafi suna da gona a gida, kuma kowace shekara sukan aika kuɗin shara da na takin zamani. Bana sai a haɗa da saƙo ga ƙane ko ɗan ƙwadago: a bar kututture, a rage masa toho kawai.