Yadda Ake Gano Inda Tsohon Babur Ke Yoyon Mai

'Yan uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu akwai tsohon babur a gidajenmu, irin su Honda CG125 da aka fara ƙerawa a Japan a shekarar 1975. Babur ne mai juriya, amma idan ya tsufa sai ka ga baƙin mai na ɗiga a ƙarƙashinsa. Injinsa kusan lita ɗaya kawai yake ɗauka, don haka ɗigo-ɗigo ba abin rainawa ba ne. Idan man ya ƙare inji zai buga, idan kuma ya taɓa tayar baya, santsi na iya kayar da mai tuƙi.

Ƙarafan inji haɗa su aka yi da notuna, kuma tsakaninsu ana sa wani siririn abu mai kama da kwali, wato gasket, don ya toshe kafa. Inda kuma ƙarfe ke juyawa ya fito waje, kamar wurin kik da wurin sa giya, akwai zoben roba da ake kira sil. Zafi da daɗewa su ke sa gasket ya tsage, roba kuma ta bushe.

Mutane da yawa suna ganin mai a ƙasan inji sai su ce nan ne ya lalace, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai gangarowa yake yi, iska kuma tana tura shi baya. Ga yadda ake bin sawunsa:

Na farko, a bari inji ya huce, a wanke shi da kananzir, a bar shi ya bushe sarai.

Na biyu, a barbaɗa farar hoda a duk mahaɗar ƙarafa.

Na uku, a tayar da inji na 'yan mintuna, a kashe, sannan a duba. Inda hoda ta jiƙe za a ga layi. A bi layin zuwa sama. Inda ya fara, nan ne matsalar.

Idan daga can sama ne, gasket ɗin murfin kan inji ne, kuma gyaransa ba wuya. Idan tsakanin kan inji da silinda ne, aikin ya fi girma. Idan bayan ƙaramin haƙorin da ke jan sarƙa ne, sil ne. Amma a lura, man da ake shafa wa sarƙa ma yana fantsama a wurin. Shuɗin hayaƙi daga salansa kuwa alama ce cewa man yana ƙonewa a ciki.

Kafin a kwance komai, a duba ko an zuba mai ya wuce ƙa'ida, ko kuma ɗan tiyon da inji ke shan iska ta ciki ya toshe, domin duka biyun suna tura mai waje. Kada kuma a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, zarensa zai cinye.

Mu yara, namu dubawa ne da faɗa wa manya. Kwance inji aikin bakanike ne, amma wanda ya je gareji ya san inda man ke fitowa ba zai biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

Daga wani ɗan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida