Ƙora, makero da kyasbi: a gane su, a yi magani

Ƙora da makero da kyasbi cututtukan fata ne. Wasu ƙananan ƙwayoyi dangin funfuna ne ke kawo su. Ƙwayoyin nan suna son zafi da gumi.

Yadda ake gane su

Ƙora tana kama kan yara. Gashi yana karyewa, wurin ya yi fari yana ɓarewa kamar dusa.

Makero yana fitowa a fuska ko a jiki, ya yi da'ira kamar zobe. Bakinsa yana tasowa, yana ƙaiƙayi.

Kyasbi tabo ne masu haske a ƙirji, baya ko wuya. In an kankare su da farce, sai su fitar da gari.

A kula! Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, kuma ba a jin taɓawa a kansa, yana iya zama farkon kuturta. A je gidan likita da wuri. Maganin kuturta kyauta ne, kuma tana warkewa.

Yadda ake kamuwa

Ƙora da makero suna yaɗuwa ta askar wanzami, hula, mataji, tabarma da tufafi. Maruƙa, awaki da kyanwa masu tabo a fata su ma suna shafa wa mutane.

Magani

Ga makero da kyasbi, likita yana ba da man shafawa irin su mikonazol ko kulotirimazol. A wanke wurin da sabulu, a busar, a shafa safe da yamma, mako 2 zuwa 4. Farin kyasbi yakan ɗauki watanni kafin ya ɓace, ko da ƙwayar ta mutu.

Man shafawa kaɗai ba ya kashe ƙora, domin ƙwayar tana cikin gashi. Sai an sha ƙwayar girizofulbin kullum, mako 6 zuwa 8. A sha ta da madara ko abinci mai maiƙo. Mace mai ciki kada ta sha.

Kada a sayi man kortizon ko man canza launin fata wurin masu tallan magani. Yana kwantar da ƙaiƙayi, amma cutar tana ƙara bazuwa. Kada a zuba kalanzir ko ruwan batir a kan yaro.

Rigakafi

Kowane yaro da rezarsa da hularsa. A wanke tufafi, a shanya su a rana. A duba sauran yaran gida. Ƙorar da aka bari ta yi mugunya tana iya barin sanƙo har abada, don haka a kai yaro gidan likita tun tabon yana ƙarami.